Ɗan aiken da ba ya tambaya

A watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da ke shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, wani ɗalibin jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi yana hutu a gidansu a Tasawa. Kundin kammala karatunsa ya shafi ruwan sama da noman hatsi a ƙasar Mayahi. Lissafin ya fi ƙarfin tsohuwar kwamfutarsa, shi ya sa malaminsa ya samo masa izinin shiga wata babbar na'ura ta wata jami'a a ƙetare. Abu uku aka ba shi: suna, adireshi da kalmar sirri.

Ya haɗa kwamfutar da salularsa, ya rubuta ssh da adireshin. Da ya zo kan kalmar sirri, ko ɗigo bai fito ba. Ya ɗauka na'urar ta lalace, alhali da gangan ake ɓoye ta, don kada na kusa ya ƙirga haruffan. Wani ɗan Finlan, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro ssh a 1995, bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsu.

Ƙofa ta buɗe kan baƙin allo, babu hoto, babu wurin latsawa. Ya koyi pwd don sanin inda yake, ls don ganin abin da ke wurin, cd don shiga wani ɗaki.

Mahaifinsa, ɗan kasuwar wake, ya leƙo ya ce: «Kai, wannan duhun ne karatun da nake biya?»

«Baba, ɗan aike ne. Ina rubuta masa saƙo, yana aikatawa can.»

Nan take dattijon ya gane. Shi ma yana da dillali a Dawanau ta Kano, wanda yakan yi shekara bai gani ba. Ya tambaya: «In ka yi kuskure, yakan tsaya ya tuntuɓe ka?» Ɗalibin ya yi dariya. Kwana uku bayan nan ya rubuta rm a ɗakin da ba shi ya nufa ba, aikin mako guda ya tafi. A can babu kwandon da ake komawa a tsinto abin da aka zubar. Mahaifin bai ce uffan ba, ya dai ba shi jika biyu na kiredi.

Duk da haka, baƙin allon nan ya dace da ƙasarmu fiye da yadda ake zato. Haruffa ba su da nauyi, suna ratsa layin da hoto ke maƙalewa. Kuma in aka sa nohup gaban umarni, aiki ba ya tsayawa don mai shi ya fita.

Daren da ya sake tura lissafin, salular ta mutu kafin lisha. Da safe ya biya dala ashirin wurin mai cajin hasken rana a bakin tasha, ya dawo shagon mahaifinsa, ya rubuta ls. Ga sabon suna a jerin. Dattijon, yana awon wake, ya ce: «Ya dawo da saƙon?»