Kalma Ɗaya, Gidaje Uku

Tun da na soma nazarin kalmomin kimiyya a Hausa, babu wadda ta fi ɗaukar hankalina kamar "bairos". A harshen Latin ma'anarta dafi ce kawai. A shekarar 1898 wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, ya yi amfani da ita wajen bayyana abin da ke lalata ganyen taba: abu ne mai ƙanƙanta har yana ratsa matatar da ke tare bakteriya, kuma ba ya hayayyafa sai a cikin rayayyen jiki.

Wannan siffa ta biyu ce ta kai kalmar gidan kwamfuta. A 1983 Fred Cohen, ɗalibi a Kalifoniya, ya gwada wata ƴar manhaja mai maƙalewa a jikin wasu manhajoji tana kwafin kanta. A 1986 wasu ƴan'uwa biyu a Lahor ta Pakistan suka saki wadda aka sani da Brain, ta yi ta yaɗuwa ta faifan ajiya. Aron ya dace, domin duka biyun ba su iya yaɗuwa sai sun samu masauki.

Mawaƙa ma sun ci moriyar ƙamus ɗin likitoci. A 1981 wasu samari a birnin New York suka kafa ƙungiyar kiɗan rok mai tsananin amo, suka raɗa mata suna Anthrax. Sunan cutar dabbobi ne da ke kama mutane, asalinsa kuwa kalmar Girkanci ce mai nufin gawayi, saboda baƙin ɓawon da take bari a fata. Robert Koch ya nuna a 1876 cewa bakteriya ce ke haddasa ta. Shekara ashirin bayan kafa ƙungiyar, a 2001, aka aika ƙwayoyin cutar cikin wasiƙu a Amurka, mutum 5 suka rasu, sunan da aka zaɓa don burgewa ya koma abin tsoro.

Abin da ya dame ni yana gida. A Hausa mukan haɗa bairos da bakteriya mu ce "ƙwayar cuta". Kalmar tana da kyau, amma a nan ta yi faɗi. Magunguna irin su amoksisilin bakteriya suke kashewa, ba su taɓa bairos ko kaɗan. Mura kuwa yawanci bairos ne ke kawo ta. Wanda ya ji an ce wannan magani "yana kashe ƙwayoyin cuta" yana da hujjar zuwa ya saye shi don mura. Murar za ta wuce da kanta, amma bakteriyar da ke jikinsa ta samu damar sabawa da maganin, ranar da ake buƙatarsa da gaske ƙila ya ƙi aiki.

Saboda haka a rubutuna nakan ƙara kalma ɗaya: ƙwayar bairos, ƙwayar bakteriya, bairos ɗin kwamfuta. Wasu abokan karatu suna ganin hakan cusa baƙin kalmomi ne. Ni kuwa ina tuna cewa asibiti da likita da allura duk baƙi ne da suka zama ƴan gida. Ɗalibin da zai fassara takardar magani gobe, ko ya yi tafinta tsakanin likita da tsohuwa, ya kamata ya san wace ƙwaya ake nufi kafin ya buɗe baki.