Tsadar shuɗi a Paris

Tun da na baro Affala na zo Paris koyon zane, babu abin da ya tsaya mini a rai kamar kuɗin fenti. Ɗan bututun shuɗin kobal na mai, da kaɗan ya fi yatsa tsawo, ya haura yuro 25, wato sama da jika 16. Da mai zanen allon aski na Tawa zai ji, sai ya riƙe baki.

Duk da haka kishi ya kama ni da na ga ƴan ƙwallon da Nicolas de Staël ya zana a 1952, bayan ya kalli wasa a Parc des Princes. Ba ido, ba hanci, fenti ne ya jibga da wuƙa falle-falle, amma kana ganin mutum na gudu. Irin wannan kauri sai mai hali. Mu tsarma fenti muka saba, kuma ban ga abin kunya ba. Gani Odutokun na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda ya rasu a 1995, tsarma fentin mai yake yi ya zuba, ya bar shi ya gangara, siffar mutum ta fito daga ciki.

Ɗan'uwa mai son gwadawa, fara da shafi mai ruwa-ruwa, ka riƙa ƙara mai a kowane shafi na sama. In ka juya tsarin, aikin zai tsattsage. Man linsid ake sawa, kada ka kuskura da man gyaɗa, ba ya bushewa. Kanne ido ka dubi wanda kake zanawa har fuskarsa ta ɓace, sai duhu da haske suka rage, su za ka fara ɗorawa. Inda kamanni ya yi yawa, kankare da wuƙa, ka bar kafaɗa ko lanƙwasar rawani ta nuna mutum ne.

Kobal ɗin nan da ya hana ni sukuni, ka ƙyale shi. Shuɗin altiramarin ya fi araha nesa, shi ne wanda ke cikin bula ta wanki. Ja da rawaya kuwa, wasunsu ƙasa ce ake sayarwa a bututu, alhali tuddan Adar cike suke da jar ƙasa. Daka ta, tankaɗe, wanke ta da ruwa, shanya, sannan ka niƙa da man linsid.

Abu ɗaya da mutanen Paris suka fi mu babu gardama: ba su da ƙurar hunturu. Fentin mai na kwanaki bai bushe ba, a gida dole ka juya allon ya fuskanci bango. Man ƙyalli kuma sai bayan wata shida.