Rajistar makarantarmu a Zango

Shekara uku ke nan ina cikin kwamitin iyaye na wata 'yar makarantar gwamnati a Asawase, nan Kumasi. Ni ba malami ba ne, albasa nake kawowa daga Galmi. Amma zaman kwamiti ya koya mini duba rajistar yara kamar yadda nake duba littafin bashi.

Duk wanda ke Zango yana cikin rajistar nan: 'ya'yan Hausawa da Zabarmawa, Dagwamba, Mosawa, Fulani, da 'yan tsirarun Asantawa. A aji Turanci ake yi, in an fito tara kuwa sai Hausa da Tuwi.

Ga abin da ke damuna. Ƙananan azuzuwa cike suke maƙil, yara uku kan bencin mutum biyu. Ana hawa sama ana raguwa, kafin a kai JHS 3, wato ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, benci ya fi yara yawa. Sunayen da ake ja wa layi kuwa galibi namu ne, 'ya'yan fatake, kuma mata sun fi yawa. Wannan an tafi da shi gida babbar salla, sai bayan wata uku. Wancan ya koma tsaron shago. Waccan an ɗora mata talla.

Da yawanmu gani muke ɗana ne, ba ruwan kowa. To, akwai ruwan kowa. Tun 2005 gwamnatin Ghana ke ba makarantun firamare da JHS kuɗin gudanarwa bisa yawan yaran da ke rajista. Abincin rana ma, a makarantun da ke cikin shirin, kan kowane yaro ake lissafa shi. Hedimastanmu ya taɓa ce mini, "Alhaji, in na je ofis neman ƙarin malami, rajista suke fara tambaya." Ke nan wanda ya janye ɗansa ya rage wa ɗan maƙwabcinsa.

Babbar asarar kuwa ta yaron ce. Tun Satumban 2017 babbar sakandare kyauta ce a ƙasar nan, amma sai da jarrabawar BECE ake shiga, kuma makaranta 'yan JHS 3 ɗinta take yi wa rajistar jarrabawar.

Na san tafiya ita ce abincinmu. Ni dai abin da nake yi, ziyarar gida da iyali sai lokacin hutu. In tafiya ta kama ana tsakiyar karatu, yara su zauna wurin mai masaukina. Wanda zai tashi gaba ɗaya, don Allah ya karɓi takardar canjin makaranta kafin ya ɗaure kaya.

'Yata tana JHS 2 bana. Gwaggonta ta aiko har sau biyu a ba ta ita ta taya ta aiki a Madawa. Na ce Yaya ta yi haƙuri, sai yarinya ta rubuta BECE.