Lisse: Garin Furanni da Mai Rabon Tagogi

Baƙon da ya sauka a filin jirgin Schiphol a watan Afrilu, Lisse ake fara kwatanta masa, garin lambun Keukenhof. Furanni ne iya ganinka, ja da rawaya, kowane launi da kunyarsa, ga magudanar ruwa ta ratsa tsakani. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na ƙasar Holan yana ƙasa da teku, shi ya sa ba a wasa da ko taku ɗaya na fili.

A wannan gari aka haifi Bram Moolenaar a 1961, mutumin da ya fito da Vim a 1991, manhajar rubutun da masu aikin kwamfuta ba sa rabuwa da ita. Ya rasu ranar 3 ga Agusta, 2023. Maimakon a biya shi kuɗin Vim, ya roƙi a taimaki yaran Kibaale ta Yuganda.

Mai masaukina a Leiden da Vim yake cin abinci. Ya tsaga allonsa gida huɗu, kowane gida taga guda, na tambaye shi: in kowace taga ta nemi fili, wa ake bai wa? Ya yi dariya, ya jawo mini kujera.

Tagar da kake aiki a cikinta tana da umarninta, winheight, wato yawan layukan da take so. Ya saka mata 999. Nan take ta baje, ta kusa cinye allon. Amma fa wannan buri ne, ba hakki ba. In fili ya gaza, da abin da ya samu za ta haƙura. Hakkin yana wajen sauran. Umarnin winminheight ya yanka wa kowace ƙaramar taga layi ɗaya, kuma ko wace ce ke neman ƙari, ba za a taɓa shi ba, sai in kai da kanka ka mayar da shi sifili, su koma sunayensu kaɗai ake gani. Nan ne abin ya burge ni. Kamar sarkin kasuwa mai adalci ne: attajiri ya faɗaɗa rumfa yadda ya ga dama, amma ba zai taka faifan mai daddawa ba.

Akwai kuma equalalways, mai daidaita tagogi duk sanda aka buɗe wata ko aka rufe. Ita ma tana tsallake tagar da aka kafe da winfixheight, irin tagar jerin kurakurai mai layi 10. Kafewar ma ba ta har abada ba ce, wuri na ƙurewa za a rage ta.

In kuwa ka nemi abin da ba zai yiwu ba, Vim ba ta yi maka kara. Ka sa burin babba ƙasa da hakkin ƙanana, ta jefo maka E591. Ka ci gaba da tsagawa har allo ya cika, E36 za ta ce maka babu wuri, ba kuma za ta buɗe ba.

Mai Vim a kwamfutarsa, tsaga allonka uku, ka rubuta :set winheight=999, sannan ka riƙa tsallakawa daga taga zuwa taga ka gani da idonka.