Tambayar da Kwamfuta Ba Ta Yi Ba

A ƙofar kowace masana'anta a Bompai ko Sharada akwai mai gadi da ke da sharuɗɗa biyu: katin shaida, sannan binciken jaka. In baƙo ba shi da kati, mai gadi ba ya ɓata lokacin buɗe jakarsa, domin hukunci ya riga ya tabbata. Haka kwamfuta take. A yaren C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Amurka a farkon shekarun 1970, alamar && na nufin "da". Da zarar sharaɗin farko ya faɗi, ba a duba na biyu. Alamar || kuwa na nufin "ko", kuma da zarar na farko ya tabbata, an gama.

Wata matashiyar injiniya a wata masana'antar sarrafa fata da ke Challawa ta koyi wannan darasi da tsada. Ta rubuta wa na'urar da ke kula da tankin gurɓataccen ruwa layi guda: in akwai wutar layi && an auna ruwan, a kunna famfo. Sai dai a cikin aikin aunawar ne ta ɓoye umarnin rufe bawul idan sinadari ya yi yawa. Daren da wuta ta ɗauke aka koma kan janareta, sharaɗin farko ya faɗi, kwamfuta ta tsallake aunawar, bawul ya kwana a buɗe. Ruwan jima ya bi magudana zuwa Kogin Challawa, inda manoman rani ke ban ruwa.

Na'urar ba ta yi kuskure ba. Abin da aka faɗa mata shi ta yi.

Washegari injiniyar ta raba tambaya da aiki. Aunawa ta zama matakin farko, ita kaɗai. In sakamakon bai yi kyau ba, a rufe bawul tukuna, sannan a zo ga umarnin return, wanda ke fitar da kwamfuta daga aikin nan take, ta bar duk layin da ke ƙasa ba ta karanta ba. Da ta sa rufewar bayan return, da an maimaita ɓarnar.

Tun daga ranar, kafin ta miƙa kowace manhaja, takan bi ta layi-layi tana neman abu ɗaya: wane muhimmin aiki ne ke jiran tambayar da wataƙila ba za a taɓa yi ba?