Acca, Citta Da Maƙwabtanmu

Mu Hausawan Kafanchan yawancinmu jirgin ƙasa ne ya kawo kakanninmu. Tun da garin ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, aka kuma dawo da fadar Sarkin Jama'a nan a 1933, fatake da mahauta da teloli suka yi ta sauka. Kasuwa muka riƙe. Gona kuwa, mafi yawanta tana hannun Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro.

Ni kam a kasuwa na fara sanin nomansu. Kafin dawa ta nuna, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, acca ce ke fara fitowa ta kori yunwa. Ƙwayarta kamar yashi, amma tana yi ko a jigawar da masara ta ƙi. Citta kuwa sai an rufe ta da ganye bayan shuka don ƙasa ta riƙe laima, a tona da kaka, a tsaga, a shanya. Duk wannan da gayya ake yi: yau gonar wane, gobe ta wane.

Mai karatu, haka abin yake a wurin ƙabilun Pueblo na Amurka. Mutanen Hopi a jihar Arizona suna binne masara da zurfi cikin yashi don ta kamo laima, ba ban ruwa, kuma kowane gida na adana irin da ya gada.

Abin da ke damuna shi ne iri. A 2023 cuta ta cinye citta a Kachia da Jaba da Kagarko. Manomi ya rasa amfani, ya rasa na shuka. Ɗan kasuwarmu mai kai buhuna Kano shi ma ya zauna hannu rabbana. A nan kowa ya ga cewa tukunya ɗaya muke ci.

Rikicin 1987 da na 2011 sun raba unguwanni, har yaranmu na tasowa ba su taɓa taka gonar maƙwabci ba. Shawarata ga 'yan'uwa: idan an kira gayya mu je, mu tafi da yara. In muna sayen citta, mu daina karya farashi a kan wanda ya tashi daga asara. Idan manomi ya bar gona, mu ma sai dai mu rufe shago.