Askarmu ta Farko

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma maganar aska muka zo da ita.

A gidanmu ba a san kilifa ba. Tun askin sunanmu wanzami ɗaya ke taɓa kanmu, wani dattijo da ke zuwa kowace Juma'a da safe da zabirarsa a rataye. Shi ya yi mana kaciya, shi ke yi wa mahaifinmu ƙaho. Askarsa ƙirar maƙeran gida ce. Yakan goga ta a kan fata, ya gwada kaifin a gashin hannunsa, sannan ya ce mu sunkuya. Mu da ƙannenmu duk da ita ake aske mu, sai dai a ɗauraye ta da ruwa.

Ba mu taɓa damuwa ba sai a shekararmu ta ƙarshe a kwalejin fasaha, lokacin da aka yi gangamin ba da jini. Aka gwada wani abokinmu, aka same shi da ciwon hanta nau'in B. Ma'aikaciyar jinya ta shaida mana cewa ƙwayar cutar tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana 7, kuma askar da ake haɗawa tana cikin hanyoyin ɗaukarta. Muka yi gwaji, muka fara allurar rigakafi, muka kuma ƙudura sai mun mallaki askar kanmu.

Kunya ce ta tsaya mana a gaba. Da wane baki za mu ce wa wanda ya aske mu muna jarirai askarsa ba ta yi mana ba? Juma'a uku muna sulalewa kafin ya iso, har Inna ta tambaya ko bashinsa muka ci. Ta huɗu muka durƙusa muka faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ai da ka faɗa tun tuni. Gobe ka raka ni Kurmi."

A kasuwa aka baje mana iri uku: ta maƙera, mai cin rabin reza, da mai naɗewa cikin ƙotarta. Mai kaya yana ta nuna mana rubutun Solingen, garin Jamus da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe da asake. Baba bai ko kalli rubutun ba. Ya ɗaga askar ga haske don ya ga ko bakinta ya miƙe. Ya buɗe ya rufe sau uku, ko tana gogar ƙota. Biyu ya mayar saboda kansu mai tsini ne, ya ce sabon hannu da irinsu kunne yake yanka. A intanet mun karanta cewa mai koyo ya nemi mai zagayayyen kai, faɗinta 5/8 na inci. Ita ɗin Baba ya zaɓa da ido kawai.

Mun so mai cin reza, don ta fi araha kuma ba ta buƙatar washi. Ya ce tana da kyau ga mai aske jama'a, tunda kowa da sabuwar reza, amma mai kansa ɗaya ya sayi wadda za ta daɗe. Sai ya tambaye mu, "Za ka iya kula da ita?" Domin ƙarfen da ya fi saurin ɗaukar kaifi shi ya fi saurin tsatsa. Sai an goge, an busar, an shafa mai. Muka ce za mu iya. Muka haɗa da fata da dutsen washi.

Ranar da muka gwada gyaran fuska da kanmu, kunci ya tafi lafiya, amma a haɓa muka tsayar da askar da yawa, jini ya biyo kumfa. Baba ya ga tabon ya yi dariya, ya nuna mana yadda ake kwantar da ita a ja fata da ɗaya hannun.

Har yau yana zuwa ranar Juma'a, mu miƙa masa tamu. Ƙannenmu biyu ma sun sayi nasu, a zabirarsa kuwa yanzu akwai fakitin reza. Idan a gidanku har yanzu aska ɗaya ke zagayawa, ku yi wa wanzaminku magana cikin ladabi, kada ku yi Juma'a uku kuna ɓuya kamar mu.

Sai mun ga gyararrakinku.